Keken ɗinkin Jidda da takardar duwan

A Cadakori, zamanin da nake koleji, duk takardar da ta zo da Faransanci hannun 'yan lakwal take faɗawa. Wasiƙa, sammaci, takardar likita, mu ne masu karantawa. Ta haka na shiga rigimar keken ɗinkin Kawu a 1994.

Ƙanwarsa da ke zaune a Jidda, wadda muke kira Inna, ita ta aiko da keken ta jirgin sama, da saƙon kaset cewa ta biya komai. Keken ya sauka Yamai, fiye da kilomita 600 daga gare mu, wani kamfanin ɗaukar kaya ya kawo shi Maraɗi. Sai ga takarda layi-layi, jimillarta ta kusa kuɗin sabon keke a kasuwar Katsina. Kawu ya rantse ko dala ba zai bayar ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne a watan Janairu na shekarar an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Inna da riyal ta saya, 'yan duwan kuwa da sefa suke ƙiyasi, don haka darajar keken ta ninka tun bai bar filin jirgi ba. Kuma duwan ba a kan kuɗin kaya kaɗai take yanka fito ba, tana haɗawa da kuɗin jirgi da na inshora. Wato abin da Inna ta biya don ta sauƙaƙa wa yayanta shi ma ya ƙara wa fiton nauyi.

A ofishin kamfanin, Kawu ya ce wa akawu, "Mushe, kyauta ce fa aka yi mini, ba saye na yi ba."

Akawun ya ce, "Alhaji, duwan ba ta san kyauta ba."

Wani dattijo mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga duwan ne ya ja mu gefe. Ya ce mini, "Yaro, karanta mini layi-layi." Da na kai layin fito mai hatimin gwamnati, ya ce a bar wannan, an riga an biya da sunan Kawu, ba akawu ne zai sauya shi ba. Da na kai kuɗin mota daga Yamai zuwa Maraɗi, ya sa aka ɗauko takardar da ke liƙe a kwalin. Ashe an biya har Maraɗi tun a Jidda. Aka soke layin ba tare da ko ban-haƙuri ba. Saura kuɗin ajiya, wanda ke hawa kullum muna can muna gardama. Wannan da roƙo aka rage shi. Kawu ya sayar da waken da ya ɓoye don bazara, ya biya yana ƙunƙuni.

Har yau ina ganin mutanenmu suna ƙare ƙarfinsu a kan kuɗin gwamnati, su bar na kamfani, alhali nan ne ake yawan cusa ƙari. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya saba da hanyar Jibiya da Ɗan Isa, inda baki ke daidaita abubuwa da yawa, zai ɗauka kowace takarda abin ciniki ce.

A 2000 ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka ɗauki ma'aunin fito guda, wanda a lokacin yake kashi 0, 5, 10 da 20 cikin ɗari gwargwadon irin kaya, ga kuma harajin TVA kashi 19 a Nijar. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, kayan teku da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota ya hau. Masu 'yan'uwa a Jidda, Dubai ko Sin, idan an ce muku an biya komai, ku tambaya: har da duwan, ko iya jirgi? Ku ce a turo hoton takardar kafin kayan su taso.