Mol, ƙwaryar goro da buhun taki

A darasin mol ne yara da dama ke yanke ƙauna da shimi tun ajin farko na lise. Na daɗe ina koyar da shi, kuma a ganina laifin ba na kan yaran ba ne. Ana ba su n = m/M su hardace, alhali ba wanda ya gaya musu cewa ƙirge ne kawai ake yi da sikeli.

Ni da goro nake farawa. Kowa ya san ƙwaryar goro guda ɗari ce. Ƙwaryar manyan goro da ta ƙanana adadinsu ɗaya, amma a kan sikeli ba su zo daidai ba. Haka mol yake, sai dai adadinsa ba ɗari ba ne, 6,02 × 10²³ ne, lambar da aka sa wa sunan Avogadro. Ƙwayoyin zarra sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, shi ya sa ake auna nauyinsu a gane yawansu. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, na gishirin miya giram 58,5. Adadi ɗaya, nauyi daban. Idan yaro ya riƙe wannan, raba nauyi da nauyin mol ɗaya ba zai ƙara zame masa tsafi ba.

Daga nan sai in kai su wurin buhun takin zamani, wanda kusan kowane ɗan manomi ya taɓa ɗauka. Ure dai CO(NH₂)₂ ne. Karbon 12, oksijen 16, azot biyu 28, hidrojen huɗu 4, jimla giram 60 a mol ɗaya. A raba 28 da 60, a ninka da ɗari, sai a sami kashi 46,7 cikin ɗari. Ga asalin 46 ɗin da aka buga a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 ya ƙunshi mol wajen 833 na ure, wato azot kilo 23 da ɗan ɗori. Shi kuwa 15-15-15 mai kilo 50, azot ɗinsa kilo 7,5 ne kacal, amma yana ɗauke da fosfor da potas waɗanda ure ba shi da su sam.

Wannan lissafi na aljihun maigida ne. Manomin da ke sayen taki a Maraɗi ko mai albasa a Galmi yana bukatar sanin me kuɗinsa suka saya: buhu uku na 15-15-15 ne ke ba da azot ɗin buhu ɗaya na ure, kuma ure komai yawansa ba ya cike gurbin fosfor a ƙasar da ta rasa shi. Yaron da ya iya wannan ya amfani gidansu tun bai kai ga bak ba.

Malamai ƴan uwana, rashin ɗakin gwaji ba ya hana wannan darasi. Buhun da aka juye da alli sun isa. Ku sa yara su riƙa rubuta giram ko mol a gefen kowace lamba, domin wanda ya ga giram ya soke giram da idonsa ba ya rikicewa tsakanin ninkawa da rabawa. Iyaye kuma, ko ba ku yi lakkwal ba, kuna da rawar takawa. Ku nuna wa ɗanku ko ɗiyarku lambobin jikin buhu, ku ce su faɗa muku kilo nawa ne na azot a ciki, su kuma yi bayanin yadda suka same shi da Hausa.