Ciyang Mai, birnin duwatsu a arewacin Tailan

Da jaka a baya muka shiga Ciyang Mai, birnin da Sarki Mangrai ya kafa a 1296. Bayan sallar asuba muka kama hanyar daji zuwa dutsen Doi Suthep, inda matakala 306 ke kai mutum ga haikalin mabiya Buda. Gwiwoyi sun ji jiki! Muna saukowa azahar ta riske mu a bakin rafi, muka yi alwala, muka yi ƙasaru.

Sai a kula da abinci, ƴan'uwa, domin naman alade ya cika kasuwanni. Mu dai unguwar masallacin Ban Haw muka nufa, ta Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunnan ta Sin, muka ci taliyar khao soi ta halal. Mai niyya ya zo tsakanin Nuwamba da Janairu. A Maris hayaƙin ƙonar gonaki kan rufe duwatsun.