Kafin Ki Ɗora Fure a Teburin Gasa

'Yata, tun ranar da kika gaya mini kin ba da sunanki a gasar shirya furanni nake ta juya maganar a raina. Kin nuna mini hotunan da kika tara a wayarki, na baje kolin furanni na Chelsea da ake yi a Landan duk watan Mayu, kika ce irinsu kike so ki yi. Suna da kyau, ban musa ba. Amma furen da zai kwana uku a tsaye cikin sanyin Ingila, ki kawo shi Njamena a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko azahar ba zai kai ba.

Ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya wata ƙungiyar mata ta shirya irin wannan gasa, na shiga ina ji da kaina, don a lokacin na ƙawata wuraren biki da yawa daga Mardjan-Daffack har Farcha. Na zuba kuɗi na sayi wardi na waje, irin wanda ake nomawa a Kenya da Habasha a ɗauko a jirgi. Da hantsi na ɗoro shi a bayan babur, ko jiƙaƙƙen tsumma ban rufa masa ba. Kafin alƙalai su iso teburina duk kawunan sun sunkuya. Wata dattijuwa a cikinsu ba ta ce uffan a kan wardin ba. Yatsa ta tsoma cikin kwanon da na sa shi, ta ciro, ta shinshina, ta wuce. Ruwan ya yi ɗumi, ganyen da na bari a ciki ya fara ruɓewa.

Wadda ta ci ranar, ƙaramin tulu ta kawo irin na matan Gawi, ƙauyen Kotoko ɗin nan da ya shahara da ginin tukwane. A ciki akwai zangarniyar gero uku, da reshen zobo mai jan kai, da furen kariya guda biyar. Shi ke nan. Har la'asar yana nan garau kamar yanzu aka yanko.

Don haka ki fara da bokiti tukuna. Ki je wurin masu lambu na bakin kogin Shari bayan sallar asuba, lokacin da tsiro ya sha sanyin dare, ki tafi da ruwanki. Kina yanka kina tsomawa. Idan kin dawo gida ki sake yanke gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a cikin ruwa, don kada iska ta shiga ta toshe hanyar da yake sha. Duk ganyen da zai nutse ki cire shi. Ki zuba ɗan sukari kaɗan a ruwan, da ɗigon ruwan javel saboda ƙwayoyin cuta, sannan ki ajiye a ɗaki mai duhu ya huta awa biyu ko uku. In tulu kika zaɓa, ki tuna yana tsatsafo, ki sa ƙaramin kwano a cikinsa.

Kowane fure da halinsa, kamar 'ya'yan gida ɗaya. Bugenbil ɗin da ya lulluɓe katangun unguwanni yana ruɗin ido, amma da an yanke shi sai ya yi laushi, sai kin nutsar da reshen gaba ɗaya cikin ruwa kafin ki yi aiki da shi. Bado kuwa yana da lokacin buɗewa da na rufewa, ba ruwansa da lokacin alƙalai. Kariya tana jure zafi, sai dai ruwan jikinta dafi ne, har kibiya ake shafa wa a da. Ki wanke hannu da sabulu, kada ki taɓa ido, kada ki bar yara kusa da bokitin. Cikin hunturu ba rana ce abokiyar gabarki ba, busasshiyar iska ce, sai ki riƙa yayyafi a hankali.

Sai maganar hannu. Na lura kina son cikawa, ko'ina sai kin cusa wani abu. Ni ma haka nake a da, don masu biki haka suke so, su ga kuɗinsu ya fito. Gasa daban ce. Mutanen Japan suna da wata fasaha da suke kira ikebana, inda reshe biyu ko uku kan isa, filin da aka bari tsakani ma ana lissafa shi cikin aikin. Ba na cewa ki zama su. Amma in kin gama, ki ja da baya taki biyar, ki cire uku daga abin da kika sa, ki sake dubawa. Ki kuma zagaya ta baya, don alƙali zai zagaya. Waya ko soson da kika soke rassan a ciki, in ya leƙo, ya ci miki maki.

Takardar sharuɗɗan nan da kika ninke kika jefa a jaka, ki ɗauko ki karanta sau biyu: tsayi nawa aka yarda, minti nawa aka bayar, an halatta busasshen abu ko sai ɗanye. Na ga mace mai hannu ta faɗi saboda aikinta ya wuce awo da tafin hannu ɗaya, ta fita tana kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sa agogo a gabanki ki maimaita shiri ɗaya sau goma, ki ɗauki hoton kowanne da safe, ki sake ɗauka da la'asar, ki ga wane reshe ne ya fara gajiya.

Ranar Asabar ki zo da asuba da bokiti biyu da wuƙarki. Za mu gangara bakin kogi tare, in haɗa ki da tsohon da nake sayen kariya a wurinsa. Wayar salular ki bar ta a gida.