Dokar Ohm ba ta allo kaɗai ba ce

A Zinder, daga Birni har Zango, da wuya ka sami gidan da babu matacciyar tocila. Yara kan fasa ta su ciro ƙananan ƙwayayen LED, su haɗa da batirin sola ko na babur, don su sami hasken karatu da dare, musamman idan jarrabawar BEPC ta matso. Sau da yawa ƙwan yakan yi wal sau ɗaya, shi ke nan ya mutu.

Abin da ke damuna a matsayina na malami shi ne, yaran nan sun haddace dokar Ohm, amma ba su san ita ce maganin matsalarsu ba.

Ƙwan LED bai san ƙoshi ba. Farin yana buƙatar kusan bolt 3, kuma wutar da ke ratsa shi kada ta wuce miliampa 20. Batirin kuwa bolt 12 ne. Dole a sa masa linzami, wato ɗan abin nan mai zane-zanen launi da masu gyaran rediyo ke kira rezistans.

Lissafin ba wuya. A cire 3 daga 12, saura 9. A raba 9 da 0.02, wato miliampa 20 ɗin, a sami om 450. Wanda ya fi kusa da shi a kasuwa shi ne 470, mai zanen rawaya da shuɗi-ja da ruwan ƙasa. Ina gaya wa ɗalibaina su riƙa hawa sama, kada su sauka ƙasa, domin batirin da ya cika yana haura bolt 12, kuma zafin watan Afrilu yana sa ƙwan ya ƙara jan wuta. Rezistans mai rubu'in wat ya isa wannan aiki.

Ba sai an saya ba ma. Tsohuwar rediyo cike take da su, kuma masu gyara a kasuwar Dole sun san su da ido.

Ina roƙon ƴan'uwana malamai mu riƙa shiga aji da batir da ƙwai da rezistans. Yaron da ya lissafa da kansa, ya ga fitilarsa ta kwana tana ci, ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.