Garin da Ke Zaɓar Baƙinsa

Da motarmu ta bar Winnipeg ta miƙa kudu maso yamma, na yi ta jiran ganin tudu ko ɗaya, ban gani ba. Wannan yanki na lardin Manitoba a Kanada shimfiɗe yake kamar faifai. Na san fadamun Haɗeja, na san filayen Kadawa, amma ban taɓa ganin gona guda da ido zai gaji kafin ya kai iyakarta ba, kuma babu mutum ko ɗaya a ciki sai wata ƙatuwar na'ura tana girbi ita kaɗai. Bayan tafiyar awa ɗaya da rabi muka shiga Morden, gari mai mutum wajen 10,000. A wurinmu unguwa ce.

Ɗan ƙanin mahaifina na je gani, mai walda. Tun a filin ajiye motoci na fara ba da kaina. Na ga igiyar lantarki na reto a hancin motoci da dama, har da tsofaffin akori-kura, na ce ashe mutanen nan sun bar fetur. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, ta ɗumama inji ce. Idan hunturu ya shigo, in ba ka jona ta da dare ba, da safe sai dai ka tafi a ƙasa."

Watan Agusta ne, na kuwa dace da bikin masara da tuffa da suke yi duk shekara. An tare babban titi, ana raba dafaffiyar masara kyauta ga duk wanda ya shiga layi. Na sa hannu a aljihu, matar da ke rabo ta girgiza kai. Masarar zaƙi gare ta kamar an jiƙa ta da sukari. Gaskiya ban ga laifin gasasshiyar bakin tasha ta gida ba, amma na ci biyu. A layin nan na ji harsunan da ban iya ƙirgawa: 'yan Filifin, 'yan Indiya, 'yan Yukuren, ga Jamusancin tsofaffin da kakanninsu suka zo daga daular Rasha a shekarun 1870. Na tambaye shi me ya tara wannan jama'a a ƙauye.

Amsarsa ce ta hana ni barci. A Kanada ba gwamnatin tarayya kaɗai ke cewa wane ya shigo ba. Tun 1998 Manitoba ke da yarjejeniyar da ta ba ta damar tsayar da mutanen da take buƙata, tarayya ta duba lafiyarsu da tarihinsu, ta ba su takardar zama na dindindin. Morden kuma ta ƙara nata a kai: garin da kansa yake duba sana'o'in da masana'antunsa suka rasa, walda, kafinta, girki, kanikanci, ya tace masu nema, ya gayyato wanda ya kwanta masa ya zo ya ga wuri, sannan ya tsaya masa a gaban lardi. Shi ma haka ya zo. Ya ci jarrabawar Turanci ta IELTS, ya nuna shekarun aikinsa da kuɗin da zai riƙe iyali kafin albashin farko, aka zagaya da shi makarantu da kantuna, aka yi masa tambayoyi.

Nan take na tuna labarin fataken goro a zangon Kumasi, inda baƙo ba ya ciniki sai da mai masaukin da zai tsaya masa. Bambancin, a nan gari guda ne mai masaukin, kuma a rubuce yake.

Wata tambayar da aka yi masa ta ɗaure mini kai: ko yana da dangi a Toronto ko wani lardin? Na ɗauka samun dangi abin yabo ne. Ashe a wurinsu alamar gudu ce. Dokar ƙasar ta bai wa mai takardar dindindin 'yancin komawa duk lardin da ya so, don haka babu igiyar da za a ɗaure shi da ita. Sai kyautatawa. Shi ya sa ranar da ya sauka da iyalinsa ya tarar an tanadar masa wurin kwana, wata dattijuwa maƙwabciya ta kawo wa yara rigunan sanyi. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Masu jari ma da tasu ƙofar. A lokacin da na je, mai son kafa kasuwanci sai ya mallaki dalar Kanada 500,000, ya zuba 250,000 in a Winnipeg da kewayenta ne, amma 150,000 ta isa in ya yarda ya fita karkara. Wato rangwame ake yi wa mutum don ya ƙi birni.

Washegari ya kai ni gidan tarihi na garin, a ƙarƙashin wani ginin wasanni. Na yi tsaye baki buɗe gaban ƙasusuwan wata dabbar ruwa mai tsawon mita 13, sun ba ta suna Bruce. A yankin aka haƙo ta, don wai duk filin nan teku ne a da can.

Da za mu rabu na tambaye shi ko ba ya sha'awar babban birni. Ya ce aikinsa minti biyar ne daga gida, kuma wanda ya cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa. Saura masa hunturu ɗaya.

Mai karatu, in kana da sana'ar hannu kuma zuciyarka na can, ka duba sharuɗɗan a shafin lardin da kanka, domin suna sauyawa. Kada ka miƙa wa ɗan kamasho ko sisi.