Tafinta Tsakanin Ganau da Jiyau

A kotunan Ghana da Turanci ake gudanar da shari'a, alhali kuwa da yawa daga mazauna zangon Kumasi da Hausa suke kwana suke tashi. Tsakanin alƙali da irin waɗannan mutane tafinta ne tsaye, kuma ta bakinsa ake auna maganar kowa. Wani dattijo da ya tsufa a wannan aiki ya tarar kalmomi biyu ne suka fi gwada shi: "shaida" da "wai".

Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran mutumin da ya gani, da bayanin da ya yi bisa rantsuwa, da hujjar da aka aje gaban alƙali: duka shaida ne. Bature ya raba su uku, "witness", da "testimony", da "evidence". Idan mai ƙara ya ce yana da shaida, dattijon ba ya buɗe baki sai ya tantance: mutum zai kira, ko takarda zai fito da ita?

Al'amarin "wai" ya fi haka nauyi. Da gaɓa ɗaya tak Bahaushe yake zare hannunsa daga magana. Turanci kuwa sai ya nemi "allegedly" ko "reportedly" kafin ya yi wannan aiki. A kotu maganar jiyau "hearsay" ce, kuma dokar shaida ta Ghana ta 1975 ba ta karɓarta sai a wuraren da ta keɓe. Mace ta ce, "Wai shi ya ɗauki kuɗin." In tafinta ya haɗiye wannan "wai", ya mayar da jiyau ganau ke nan, kuma mutum na iya kwana a kurkuku saboda gaɓar da ta faɗi a hanya.

Har aikatau na Turanci ba 'yan ba-ruwanmu ba ne. "Said" faɗi ne kawai. "Claimed" na ɗauke da ƙanshin shakka, kamar iƙirari. "Admitted" na nuna akwai abin da aka so ɓoyewa. "Denied" musu ne, amma "refuted" rushe magana ne da hujja. Idan mutum biyu suka kawo labari biyu kan abu guda, ya ba ɗaya "said" ya ba ɗaya "claimed", to ya riga alƙali yanke hukunci.

Saboda haka dattijon ya ɗora wa kansa doka: kalma iri ɗaya ga mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma kowane "wai" ya ƙetare da shi lafiya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin alƙali ne ya gano wanda ya gani. Na tafinta shi ne kada ya ba wanda ya ji idon da ba shi da shi.