Dagachhu: kogin Butan da aka yi wa rajista a kasuwar hayaƙi

Daga Timfu, babban birnin Butan, zuwa gundumar Dagana tafiya ce mai cin yini. Mota sai ta haura mashigin Dochula, inda aka jera ƙananan hasumiyoyin addinin Buda guda 108, ta gangara Wangdue, ta bi gefen kogin Punatsangchhu zuwa kudu, sannan ta saki babban titi ta kama wata siririyar hanya da aka sassaƙa a jikin dutse. Gefe guda bango, gefe guda rami mai zurfi, direba ba ya shan kwana sai ya danna ham. Ana gangarawa sanyi na raguwa, har a fara ganin itatuwan lemo da gonakin shinkafa da aka yanka hawa-hawa a jikin tudu. Mai bin wannan hanya ba zai yi mamakin jin cewa sai a 1999 talabijin da intanet suka shigo ƙasar ba.

Abin da ya kawo ni shi ne tashar lantarki ta kogin Dagachhu. Wanda ya zo da tsammanin ganin katafaren tafki zai sha mamaki, don babu shi. 'Yar madatsa ce take karkatar da wani kaso na ruwan zuwa cikin rami, ramin ya ratsa dutse na tsawon kilomitoci, sannan ruwan ya faɗo da ƙarfi kan injuna biyu, kowanne mai megawat 63. Injunan ma a cikin dutsen suke. Da ka shiga, sai ka ji rugugin a tafin ƙafarka tun kafin ya cika maka kunne, ma'aikata da hulunan kwano suna magana da hannu saboda baki ba ya isa. A waje kuma daji ne kore shar, manyan wayoyi sun ratsa shi sun nufi kudu, wajen Indiya.

Waɗannan wayoyin su ne bakin zaren labarin. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta buɗe wata kasuwa a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya: ƙasa mai tasowa ta yi aikin da zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, a ba ta takardar shaida kan kowane tan guda, ta sayar wa ƙasashe masu masana'antu. To amma Butan me za ta rage? Wutarta da ma daga ruwa take fitowa. Kundin tsarin mulkinta ya wajabta barin kashi 60 cikin 100 na ƙasar a matsayin daji, dazuzzukan kuwa suna zuƙe iskar kabon fiye da wadda mutanenta ke fitarwa. Wannan ƙa'ida ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin mai datti ne kawai take sakawa idan ya yi shara, wanda ya tsare gidansa tun farko ba shi da abin kai wa kasuwa.

Mafitar da aka samu ita ce a yi lissafin da kwal ɗin Indiya. Tunda can ake sayar da wutar Dagachhu, duk abin da ta aika ya rage kwal ɗin da tashoshin Indiya za su ƙona, kimanin tan 500,000 na iskar kabon a shekara. Da wannan hujja aka yi wa tashar rajista a 2010, ta zama aiki na farko a tsarin da aka gina a wata ƙasa aka ƙirga amfaninsa a wata. Kamfanin gwamnati Druk Green Power ne ke da kaso mafi tsoka, sai Tata Power na Indiya, sai asusun fansho na 'yan Butan, Bankin Raya Asiya kuma ya ba da rance.

Sai dai kafin injunan su fara juyawa a 2015, kasuwar ta riga ta karye. Takardu sun yi yawa, masu saye sun ja baya, har a ƙarshen 2012 tan guda bai kai yuro ɗaya ba. Manomi ne ya yi shuka farashi na sama, ya zo girbi ba mai tayawa. Kuɗin sayar da wutar ne ya riƙe tashar.

Kogin ma ba ya cika alkawari duk shekara. Da damina ruwa ya yi yawa har ana barin wani ya wuce, da hunturu kuwa ya ja baya sosai, Butan ta koma sayen wuta daga Indiyar da take sayar wa.

Duk da haka gwamnatin ba ta haƙura da kasuwar ba. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta zo da sabon tsari wanda ƙasa da ƙasa za su iya cinikin takardun kai tsaye, kuma a 2025 Butan ta sa hannu kan irin wannan yarjejeniya da Singapo.